Ciyawa a sama, sokawe a ƙasa: lamarin naitirojin a Pleasant Bay

A watan Agustan 2018 hukumar kare muhalli ta jihar Massachusetts a Amurka ta ba garuruwa huɗu, Brewster da Chatham da Harwich da Orleans, takardar izini guda ɗaya mai wa'adin shekara 20. Ba a taɓa bayar da irinta a jihar ba. Sharaɗin da ke ciki shi ne kowane gari zai rage naitirojin, wani sinadari da ke cikin taki da fitsari, da ke tsiyaya daga ƙasarsa zuwa Pleasant Bay, faffaɗan lungun tekun da garuruwan suka kewaye a gabashin Cape Cod. Chatham da Harwich suka ce bututun kwashe ƙazanta za su shimfiɗa. Orleans ta ce bututu, sannan za ta gwada kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ke tace ruwa, da wasu dabaru. Brewster kuwa filin wasan golf ta kawo.

Wanda bai san kan zancen ba zai ɗauka shiririta ce. Me ya haɗa ciyawar da attajirai ke buga ƙwallo a kanta da najasar gidajen mutane? Amsar tana cikin ƙasar da ke ƙarƙashinsu duka biyun, kuma an yi shekaru ana aune-aune a jami'o'i kafin a same ta.

Yashi, ruwa da gidaje

Cape Cod wani tsirin ƙasa ne da ya miƙa cikin tekun Atlantika, kuma kusan dukansa yashi ne da tsakuwa da tulin ƙanƙarar zamanin da ya bari a baya. Ruwan sama ba ya kwanciya a kansa, nitsewa yake yi. Ruwan da ya nitse shi ne abin shan mutanen yankin, shi ya sa a 1982 gwamnatin tarayya ta ayyana shi a matsayin madogararsu tilo ta ruwan sha. Ruwan ba a tsaye yake ba. Yana rarrafe ta cikin yashi, kimanin ƙafa ɗaya a rana, har ya ɓulla a tafkuna da koramu da lungunan teku.

A 1950 mazauna yankin ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 2020 sun kusa dubu 229, ban da masu hutun bazara da kan ninka yawan jama'ar. An yi ta gina gidaje a gaɓar ruwa ba tare da an shimfiɗa magudanar ƙazanta ta gari ba, saboda yashin ya sauƙaƙa wa kowa: ka haƙa rami a bayan gida, ruwa ya ɓace. Har yau fiye da kashi 80 cikin 100 na gidajen da tankin bayan gida suke dogara.

Tsarin ya ɗan fi sokawen da muka sani. Ruwan banɗaki da na kicin yana shiga babban tanki, wanda dokar jihar ta ce kada ya gaza galan 1,500. Daskararren abu ya kwanta, maiƙo ya taso, ruwan tsakiya ya wuce cikin bututu masu huji da aka binne a farfajiya, ya tsiyaya cikin ƙasa. Dokar, wadda ake kira Title 5, an tsaurara ta a 1995. Ta ce a bar ƙafa huɗu tsakanin gindin matsiyayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙafa biyar in yashi ne mai saurin shanye ruwa, kuma ƙafa 100 tsakaninta da rijiyar gida. Ta wajabta a duba tsarin duk lokacin da za a sayar da gida.

A nan ne gizo ke saƙa. An rubuta dokar ne don kashe ƙwayoyin cuta, kuma tana kashe su. Naitirojin kuma wani abu ne daban. Mutum guda yana fitar da kilo huɗu zuwa biyar nasa a shekara, mafi yawa a cikin fitsari. Yana fita daga tanki a siffar amoniya, bakteriyar da ke cikin yashi mai iska su mayar da shi naitiret, shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya bi nan yake bi. Tankin da ke aiki lafiya lau, wanda mai duba gari ya sa wa hannu, kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake ragewa. Sauran yana kan hanyarsa ta zuwa teku. Babu gidan da ya karya doka.

Bambancin ma'auni shi ne ya daɗe yana rikita mutane. Iyakar da Amurka ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 10 na naitirojin ɗin naitiret a lita, don kare jarirai daga cutar da ke hana jini ɗaukar iska. Lungun teku kuwa yakan fara lalacewa tun ruwansa bai wuce rabin miligiram ba. Ke nan ruwan da za ka sha lafiya yana iya kashe lungun. Naitirojin taki ne, gansakuka na samunsa sai ta bunƙasa, ta tare wa ciyawar ƙasan teku hasken rana. Ciyawar ta mutu, ƙananan kifaye da halittu masu ɓawo da ke fakewa a cikinta su watse. Gansakukar in ta ruɓe sai ta shanye iskar ruwan, ƙasan ya koma baƙin taɓo mai wari. Ƙungiyar Association to Preserve Cape Cod, wadda ke fitar da rahoton lafiyar ruwan yankin duk shekara, ta kai ga sanya kusan tara cikin goma na lungunan a sahun marasa lafiya.

Wa ya kashe ruwan?

Da aka fara neman mai laifi, ido ya tafi kan abin da ake gani. Ga kore sharr a ƙofar kowane gida, ga filayen golf barkatai, ga buhunan takin zamani ana sauke wa. Tanki kuwa a binne yake, kuma kowa na da shi, har da mai ƙorafin. Ɗabi'ar ɗan Adam ce.

Abin da ya raba gardamar aikin jami'a ne, irin wanda ɗaliban digiri na biyu da na uku ke yi da hannunsu. A Amurka kula da ciyawar ado da ta filayen wasa fannin karatu ne mai zaman kansa. Tun 1927 Lawrence Dickinson ya buɗe kwas na lokacin sanyi ga masu kula da filayen golf a kwalejin noma da ta zama Jami'ar Massachusetts a Amherst. A maƙwabciyar jiha, Jami'ar Rhode Island tana da fegin gwajin ciyawa tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ita ce daga baya ta kafa cibiyar horar da masu tsarawa da girka tankunan gida. Fannoni biyun da jama'a ke ganin ba ruwan wani da wani suka tashi a harabar makaranta ɗaya, kuma masana ƙasa da ruwa ne ke kai-komo a tsakaninsu.

Aikin ɗalibin ba na ofis ba ne. Zai binne faranti ko tukwane masu tsotson ruwa a ƙarƙashin saiwar ciyawa, ya zuba taki gwargwadon ma'auni, ya yi ban ruwa gwargwadon ma'auni, sannan duk bayan ruwan sama ya je ya ɗebo abin da ya tsiyaya ya kai ɗakin gwaji. Damina da hunturu, shekara biyu ko uku. A 1988 Morton da Gold da Sullivan na Rhode Island suka nuna cewa ciyawar gida da aka ba taki ba ta sakin naitirojin mai yawa, sai in an haɗa mata da ban ruwa fiye da kima. Shekara biyu bayan nan Arthur Gold da abokan aikinsa suka kwatanta ciyawar gida da daji da gonar masara da tankin gida. Abin da ya tsiyaya a ƙarƙashin ciyawa da daji bai kai miligiram biyu a lita ba. Na tanki da na masara ya haura goma. A shekarar dai, 1990, Martin Petrovic na Jami'ar Cornell ya tattara binciken da aka yi kan makomar takin ciyawa, ya ga cewa a galibin yanayi kaso kaɗan ne ke wuce saiwa. An kuma haƙa rijiyoyin gwaji a filayen golf huɗu na Cape Cod ɗin kanta, aka tarar naitiret yana sauka idan an rage taki.

Daga ɓangaren teku, Ivan Valiela da ɗalibansa a cibiyar binciken teku ta Woods Hole suka bi lissafin Waquoit Bay, wani lungu a kudu maso yammacin yankin da ciyawar ƙasansa ta kusa ƙarewa. A 1997 suka fitar da adadin: cikin naitirojin da ke isa lungun daga tudu, kashi 48 na ƙazantar gidaje ne, kashi 30 daga sama yake saukowa da ruwa da ƙura, kashi 15 na taki. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne in an duba zurfi. Taki a saman ƙasa ake watsa shi, dole ya ratsa ganye da tarin matattun ciyayi da sarƙar saiwa mai yunwa kafin ya kai ƙasa. Ruwan tanki kuwa a ƙarƙashin saiwar ake sakinsa, inda babu mai cin sa. Naitirojin ɗaya ne, wurin shigarsa ne ya bambanta.

Sai dai ba zan wanke ciyawa tas ba, kuma duk mai karanta waɗannan sakamakon ya kamata ya tuna abu biyu. Na farko, kuɗin binciken ciyawa da yawa daga aljihun masu harkar yake fitowa. Ƙungiyar golf ta Amurka, USGA, ta fara ɗaukar nauyin binciken muhalli a jami'o'i a 1991, daidai lokacin da ake nuna mata yatsa. Wannan bai mayar da sakamakon ƙarya ba, tunda masana teku da ba su ci ko sisinta ba sun isa wuri ɗaya, amma yana tasiri kan irin tambayar da ake yi. Na biyu, fegin gwaji sabo ne, hannun ƙwararru ne a kansa. A Jami'ar Jihar Michigan, Kevin Frank ya ci gaba da auna ciyawar da ta shekara goma a wuri ɗaya, ya tarar in aka ci gaba da ba ta taki mai yawa sai ta fara sakin naitiret fiye da iyakar ruwan sha, saboda ƙasar ta ƙoshi ba ta da sauran wurin ajiya. Da aka rage takin, sai ya sauka. Magidancin da ya juye buhu guda a farfajiya ana gobe za a sheƙa ruwa ba ya cikin wannan lissafi mai daɗin ji.

Daga 2001 jihar ta haɗa kai da Jami'ar Massachusetts ta Dartmouth, ƙarƙashin Brian Howes, don lissafa kowane lungu ɗaya bayan ɗaya. Suka ɗauki ma'auni biyu da suka zama tushen komai: ruwan da ke barin tankin gida yana ɗauke da miligiram 26 da ɗoriya a lita, takin ciyawa kuma kashi 20 cikin 100 nasa ke kai wa ruwan ƙasa. Jimillar da hukumar tsara yankin ta fitar ita ce kimanin kashi 80 na naitirojin da ɗan Adam zai iya hanawa daga tankuna yake fitowa.

Sanin gaskiya bai sa kowa ya zaro kuɗi ba. Garuruwa suka yi ta jinkiri, don an kiyasta gyaran zai ci kimanin dala biliyan huɗu. Sai da ƙungiyar lauyoyin muhalli ta Conservation Law Foundation ta maka hukumar kare muhalli ta tarayya a kotu a 2010 da 2011, aka sabunta tsarin ruwan yankin a 2015. Wannan tsari shi ne ya buɗe ƙofar cewa gari na iya cika kasonsa ta wata hanya ban da bututu, muddin zai auna ya nuna.

Lissafin Brewster

Gaɓar Brewster a Pleasant Bay ƴar kaɗan ce, amma yanki mai faɗi na ƙasarta can yake tsiyaya. Gidajen wannan yanki a warwatse suke cikin itatuwa, don haka kowace mita ta bututu gidaje kaɗan za ta yi wa aiki, tsada ke nan. A tsakiyar yankin kuma akwai Captains, filin golf mai rami 36, mallakar garin ne ba na wani kamfani ba. Wannan mallaka ita ce sirrin. Gari ba zai iya shiga gida-gida yana auna buhun taki ba, amma yana iya ba ma'aikacinsa umarni, ya kuma buɗe littafin ajiyarsa.

Abu biyu aka yi. An rage takin da ake zuba wa filin idan aka kwatanta da na shekarun da aka yi lissafin farko, hukuma ta ƙirga ragin a matsayin naitirojin da bai shiga lungun ba. Sannan rijiyoyin ban ruwan filin suna zuƙo ruwan ƙasa wanda da ma akwai naitiret a cikinsa, a fesa wa ciyawa, ta cinye. Abin da ya kuɓuce wa saiwa a karon farko an dawo mata da shi karo na biyu. Waɗannan biyun suka ɗauke babban kaso na abin da aka ɗora wa garin, ba tare da an fasa titi ko ɗaya ba.

Ga mai kula da filin, aikinsa ya sauya kama. A da ma'auninsa shi ne ƙwallo ta gangara sumul, ƴan wasa su yaba. Yanzu kowane kilo na taki da ya zuba yana shiga rahoton da gari ke miƙa wa hukuma. Dole ya san wane irin taki ne ke narkewa a hankali, yaushe ciyawa ta daina ci saboda sanyi, nawa ne naitirojin da ruwan rijiyarsa ya riga ya kawo don ya cire shi daga lissafin buhu. Wannan shi ne ainihin abin da ake koyarwa a karatun gaba da digiri na fannin, kuma ya fi kusa da ilmin ƙasa da sinadarai fiye da yankan ciyawa.

A ganina dabarar Brewster halastacciya ce, amma ba abin kwaikwayo ba ce ga kowa. Ciyawa tana iya rage abin da ita kanta ta jawo, ta ƙara da ɗan abin da rijiya ta kamo. Ba za ta shanye fitsarin garin da ke da gidaje dubbai a gaɓa ba. Barnstable, gari mafi girma a yankin, shirin bututu ta ɗauka na shekara 30 da aka kiyasta a kan dala biliyan 1.4. Harwich ta ƙulla yarjejeniya tana tura ƙazantar gabashinta zuwa matatar Chatham. Dokokin taƙaita takin gida da wasu garuruwa irin su Falmouth suka kafa suna da amfani, sai dai farin jininsu ya fi ƙarfinsu, don ba sa taɓa aljihun kowa.

Wani abin lura shi ne yadda darasin ciyawa ya koma ya gyara tankin kansa. Tun 1999 gundumar Barnstable, wadda ta ƙunshi garuruwan Cape Cod, ke da filin gwajin tankuna a sansanin sojan Cape Cod, wanda George Heufelder ya daɗe yana jagoranta. A can aka gwada shimfiɗa hawa biyu a ƙarƙashin bututun: inci 18 na yashi a sama, inci 18 na yashi haɗe da garin katako a ƙasa. A hawan sama mai iska amoniya ta koma naitiret. A hawan ƙasa mai danshi da ƙarancin iska, wasu bakteriya su ci katakon, su mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi sama, inda ba ta cutar da kowa. Ɗaliban digiri na uku daga ɗakin gwajin Jose Amador a Rhode Island suna cikin waɗanda suka auna irin wannan shimfiɗa a gidajen mutane. A Rhode Island ɗin kuma an daɗe ana girka ƙananan bututu kusa da saman ƙasa, don ruwan da aka riga aka tace ya faɗa inda saiwa da bakteriya suke. Wanda ya taɓa ganin yadda ake gina dandalin golf bisa ƙa'idar USGA, ƙafa guda ta yashi a kan tsakuwa da bututun tsiyaya, zai gane zanen nan take.

A ranar 7 ga Yulin 2023 jihar ta ƙara ɗaure igiya. Aka ba garuruwan Cape Cod shekara biyu su nuna niyyar neman izini irin na Pleasant Bay. Garin da ya ƙi, mazauna yankunan da abin ya shafa za su sauya tankunansu zuwa masu rage naitirojin cikin shekara biyar, aikin da kan ci dala dubu 30 ko fiye a gida ɗaya. Majalisa ta ɗaga rangwamen harajin gyaran tanki zuwa dala dubu 18, ga kuma harajin kashi 2.75 da aka ɗora wa masaukan ƴan hutu tun 2019 don tallafa wa ayyukan ruwa. Duk da haka tsofaffi masu cin fansho da ke zaune a gidajen da suka gada su ne abin ya fi tsaya wa a rai.

Babu wanda zai ga sakamako da wuri. Ruwan da ke tafiyar ƙafa ɗaya a rana, in ya taso daga gida mai nisan kilomita biyu, sai ya kusa shekara ashirin kafin ya isa gaɓa, don haka abin da ake aunawa a lungun yau na gidajen jiya ne. Shi ya sa aka gina izinin a kan bita duk shekara biyar, da sharaɗin cewa dabarar da ta gaza za a maye gurbinta da wadda aka tabbatar. Pleasant Bay ma tana da nata rikicin lissafi, don guguwar Afrilun 2007 ta fasa tudun yashin da ya raba ta da teku, sabuwar kafa ta buɗe, ruwan teku ya ƙara wanke ta, kuma irin wannan kafa tana iya toshewa.

Ita kuwa Brewster ta koma kan adadin nan na kashi 20. Ta sa an binne na'urorin tara ruwa a ƙarƙashin ciyawar Captains don a auna ainihin abin da ke wuce saiwa a filin nata, maimakon dogaro da kiyasin da aka yi wa yankin baki ɗaya. Idan awon ya nuna ƙasa da 20, kason da ya rage wa garin zai ragu, gidaje kaɗan ne za a nemi su taɓa tankunansu. Idan bai nuna ba, sauran kason daga bayan gidajen mutane za a nemo shi.